Mariƙin Kwarashin Gwaggo Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya da nisa, ana kiransa Arzika. Masassaƙi ne. Ƙotar fartanya, turmi, akushi, aikinsa ke nan. Ba malami ba ne, jama'a, ba kuma attajiri ba. Wani bawan Allah ne kawai mai ɓarɓashin itace a gemu.

Yana da maƙwabciya, wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, mai saƙa da kwarashi. A unguwar nan ba a raɗa wa jariri suna sai da hular da ta saƙa a kansa, kuma kyauta take yi. Da la'asar takan zauna a inuwar ɗurumi, zaren ulu na warwarowa daga cikin ƙwarya a hankali, iska na kaɗawa, har mai wucewa ya tsaya kallo ya manta inda za shi.

Sai ciwon gaɓoɓi ya kama ta. Yatsu suka kumbura, suka ƙi dunƙulewa. Kwarashi kuwa kun san shi, siriri ne kamar tsinke. Ta ɗauka ya faɗi, ta ɗauka ya faɗi. A daidai lokacin ne kuma autarta, wadda ta daɗe tana neman haihuwa, ta sami ciki. Ku duba fa. Matar da ta rufe kan 'ya'yan unguwa duka, jikanta zai zo ba hula.

Arzika ya gan ta tana share hawaye, tausayi ya kama shi. Ya sami itace mai kyau, ya sassaƙa wa kwarashin mariƙi mai kauri, ya goge shi sumul, har da zane. Ya gwada a hannunsa ya ji daidai. Ya kai mata.

Ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Ya yi kyau."

Ya koma gida yana jin daɗin kansa. Wa ba zai ji ba?

To, ku saurara. Kwanaki suka shuɗe, ciki na ta girma. Ran nan ya biyo ta gindin ɗurumi ya ce, "Gwaggo, yaya mariƙin?" Ta ce lafiya lau. Amma idonsa ya faɗa cikin ƙwarya, ya ga itacen fari tas. Shi kuwa ya sani, ƙotar da ake aiki da ita duhu take yi saboda gumin hannu.

Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, don Allah ki faɗa mini gaskiya."

Ta ce, "Kunya ce ta hana ni. Hannunka ka auna, Arzika, ba nawa ba."

Wallahi ya ji zafi. Zuciya ta ce masa, yanzu kyautar ma sai an kushe ta? Da ni ne ko ku, da mun ce to a bar shi. Shi kuwa ya haɗiye. Ya tafi wurin masu ginin tukwane ya samo ɗanyen yumɓu, ya mulmula, ya ajiye mata a kan faifai.

Ya ce, "Ki damƙa. Inda ciwo ya tsayar da ke, ki tsaya. Kada ki yi mini jarumta."

Ta damƙa. Abin da ya fito karkatacce ne, nan tudu, nan rami. Ya shanya shi, ya zauna yana kallo yana sassaƙa, har itace ya ɗauki siffar yumɓun. Ya lulluɓe shi da fata mai laushi, ya sa maɗauri da zai zagaye bayan hannu, ko yatsu sun saki ba zai faɗi ba. Abokansa suka yi ta tsokana, wai Arzika ya bar ƙota ya koma sassaƙa rogo. Ya yi murmushi kawai.

Gwaggo ta sa hannu, mariƙin ya zauna cif. Zare ya soma tafiya, a hankali, a hankali. Ranar suna aka fito da jikanta da hula shuɗiya a kai, tsohuwa tana kuka tana dariya.

Bayan shekaru Arzika ya rasu. Limamin garin yana barcin rana sai ya gan shi a mafarki, a wani lambu mai sanyi, ruwa na gudu, zaruruwa kala-kala na reto daga rassan itatuwa. Ya ce, "Arzika, da me ka sami wannan?"

Ya ce, "Malam, an ɗora kyawawan ƙotocina duka a sikeli, bai motsa sosai ba. Da aka ɗora karkataccen mariƙin nan, sai ya rinjaya."

Mafarki ne, Allah Shi ne masani. Amma darasin a fili yake. In za ka taimaki mutum, auna da hannunsa, kada ka auna da naka. Akwai tsoho a gidanka, akwai mara lafiya a gidanki, kun ba su abu sun ce sun gode, kuka juya kuna jin kun gama. Kunya ce ta rufe musu baki. In kun koma gida yau, ku leƙa ƙwaryarsu. In kyautarku tana nan fari tas, ku durƙusa ku tambaya.