Kwalbar da Evaristo Ya Kai Garejin Nicanor

Akwai wani dattijo a garin Lodi, can ƙasar waje, mai suna Evaristo, ya tsufa yana yankan inabi a gonakin mutane. Matarsa Remedios ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Abin da ya rage masa shi ne zaman Asabar a garejin gidan abokinsa Nicanor, inda tsofaffi ke gasa nama suna shan giyar inabi.

Sai likita ya ce hantarsa ta gaji, barasa ta ƙare masa.

Ranar da ya je da lemo, Nicanor ya maƙale murya kamar ta mai jego: "Wayyo jaririnmu! A kawo masa bulumboti!" Aka kwashe da dariya. Evaristo ya yi murmushi, amma bai sake zuwa ba. In Asabar ta yi, sai ya zauna a kicin, rediyo na ta surutu shi kaɗai.

Wata rana ya ga wata kwalba a shagon masu sayar da wiwi. Ruwan inabi ne ja wur, an cire barasar, an zuba wiwi. Yarinyar shagon ta ce, "Baba, rabin kofi, sannan ka jira. Ba ta kamawa da wuri."

"'Yata, kafin a haifi ubanki nake riƙe kofi."

Ya saya, ya ɓare takardar kwalbar don kada a gane, ya nufi gareji.

"Kai! Mamaci ya tashi!" in ji Nicanor.

Evaristo ya sha kofi guda, bai ji komai ba. Ya ƙara, shiru. Ya ci gaba da zubawa yadda ya saba da giya. Kafin nama ya gasu, ta sauko masa gaba ɗaya. Bakuna na motsi, muryoyi na zuwa kamar daga ƙasan rijiya. Yana tsakiyar abokai, amma ko a kicin bai taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

Nicanor ya dafa shi. "Tsoho, me ka sha?"

Ya faɗa masa. Sannan bakinsa ya saki abin da ya daɗe yana riƙewa: "Tun da Remedios ta tafi, nan ne kawai ake kiran sunana."

Nicanor ya sa shi a mota, ya kai shi gida, ya zauna har hankalinsa ya dawo.

Washegari aka buga ƙofa. Nicanor ne, rungume da tukunyar farfesun tumbi.

"Matsa, ɗan wiwi. Ina kujerata? Gobe ma a nan zan karya."

Darasi: Zolayar da ta ba ka dariya tana iya korar wanda ba shi da kowa sai kai, har ya sha abin da bai sani ba don a bar shi ya zauna. In kujerar aboki ta zama fayau, je ka buga ƙofarsa. Ku tura wa wanda kuka kwana biyu ba ku kira sunansa ba.