Kyamarar Da Ta Haɗiye Fuskar Baba Hamidou

Akwai wani matashi mai suna Attahirou, ɗan Tahoua, da ke zaune a unguwar Hajara cikin garin Sabha. Aikin gini ne ya kawo shi Libiya, amma Allah ya ba shi ido wajen ɗaukar bidiyo. Duk sunan da aka yi ko ɗaurin aure a cikin 'yan Nijar, shi ake kira ya ɗauka da wayarsa, ya gyara, a aika gida. Tun ana yabonsa yana sunkuyar da kai, har ya kai ba ya jin maganar kowa a kan wannan harka.

Da ya ga aikin yana samun karɓuwa, sai ya yanke shawarar ajiye cokalin gini ya sayi kyamarar bidiyo. Ya ɗauki abokin zamansa Falalou suka nufi kantin wani Balarabe mai suna Rachid, wanda ke sayar da wayoyi da kyamarori. Mahaifiyar Rachid 'yar Agadas ce, don haka Hausa a bakinsa ba ta da gargada.

Suna shiga, idon Attahirou ya faɗa kan wani kwali mai ƙyalli. An rubuta 4K da manyan baƙaƙe, an rubuta megafiksel arba'in da takwas, an rubuta tana jawo abu daga nesa har ninki goma sha shida. Ya ce ita yake so, ba sai an nuna masa wata ba.

Rachid ya tambaye shi me zai yi da ita. Da ya ji sana'a ce, sai ya buɗe durowa ya fito da wata tsohuwa ta hannu, gefenta duk ya goge, ba abin da aka rubuta a jikinta sai HD.

Ya yi masa bayani a natse. Ya ce rubutun kwali ba shi ke ɗaukar hoto ba. Akwai wani ɗan abu a bayan gilashi da ke kama haske, shi ne idon kyamara na gaske, kuma na sabuwar bai kai ƙwayar wake ba. A rana za ta yi kyau, amma da an shiga inuwa ta makance. Jawo nesan da take yi kuwa, ba gilashi ne ke motsi ba, hoton kawai take buɗawa har ya yage. Sannan ya juya ta ya nuna masa ko ramin sa makirfo ba ta da shi.

“Ɗan'uwa, kada ka yarda da ni, kada ka yarda da kwali,” in ji Rachid. “Mu shiga sito da su duka biyun, can akwai duhu. Abokinka ya yi magana ka ɗauka, mu sa a telen nan ta bango mu kalla. Idonka da kunnenka su zaɓa maka.”

Falalou ya ce wannan ai shawara ce mai kyau. Amma Attahirou ya yi murmushi irin na wanda ya gano tarko. A ransa ya riga ya yanke cewa Balaraben so yake ya liƙa masa kwantai.

“Mudir, ni ba baƙo ba ne a harkar nan,” ya ce, yana kiransa maigida da Larabci. “Na san bambancin 4K da HD. Ka riƙe tsohuwarka.”

Rachid ya ce shi masu saya wa yaransu abin wasa yake kawo wa irin wannan. Attahirou ya ce ya ji, a ba shi dai. Rachid ya miƙa masa kwalin, ya roƙe shi abu ɗaya, cewa kafin ya karɓi aikin kowa ya gwada ta a cikin ɗaki, ya kalla a babban allo.

Gwajin da Attahirou ya yi shi ne ya tsaya bakin titi da tsakar rana ya ɗauki motoci suna wucewa. Ya duba a ɗan allon kyamarar wanda bai fi tafin jariri ba, ya ga launi ya yi ɗau. Ya ce wa Falalou da sun biye wa Balarabe da an cuce su.

Ana nan sai saƙo ya zo daga ƙauyen Samnu, can wajen Sabha. Akwai wani dattijo ɗan yankinsu, Baba Hamidou, wanda ya ƙare ƙarfinsa yana kula da gonar dabino a can. Ciwo ya kwantar da shi, ƙafafunsa sun kumbura, kowa ya san ba zai iya hanyar hamada zuwa gida ba.

Baba Hamidou yana da 'ya guda, Zouhoura. Tana goye ya baro ta, yau ga ta da nata 'ya'yan. Muryarsa kaɗai ta sani, don ƙaramar waya mai dannawa yake riƙewa, kuma shi mutum ne da bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba. Yanzu da bakinsa ya ce a nemo mai ɗauka, yana son 'yarsa ta gan shi. Akwai direban da zai tafi Agadas, za a ba shi katin kyamarar mai ɗauke da bidiyon ya sada shi da ita.

Attahirou ya ce wannan aikin ba sai an biya shi ba. Suka hau mota shi da Falalou, suka isa gonar bayan la'asar.

Sun tarar dattijon ya shirya. An yi masa aski, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, an jingina shi da bango a ɗakinsa mai ƙaramar taga ɗaya. A waje injin ban ruwa yana ta ruri.

Falalou ya ce ko a fito da Baba waje inda akwai haske, a kuma nemi a kashe injin na ɗan lokaci. Attahirou ya ce kada a wahalar da mara lafiya a banza, wannan kyamarar ba ta san duhu ba. Falalou ya ciro wayarsa ya ce bari shi ma ya ɗauka daga gefe, ko don a samu biyu.

“Mayar da ita aljihu,” in ji Attahirou. “Ba na son a raina mini sana'a a gaban mutane.”

Falalou ya mayar. Attahirou ya koma can bakin ƙofa ya kafa kyamara, ya jawo dattijon daga nesa kamar yadda kwali ya yi alkawari.

Baba Hamidou ya dubi gilashin ya yi bismillah. “Zouhoura, ga ni. Ni ne babanki.”

Ya daɗe yana magana. Ya gaya mata abin da ya fito da shi da abin da ya hana shi komawa, ya ce kowace shekara yana cewa baɗi. Ya nemi gafararta. Ya kira sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya yana sa musu albarka. Wani wurin ya yi dariya, wani wurin ya tsaya aka ba shi ruwa. Seyni, abokin aikinsa da ke jinyarsa, ya kasa zama, ya fita waje yana share ido.

Da ya gama, ya ce, “Ɗana, na fito kuwa?”

“Baba, har furfurarka ana gani,” in ji Attahirou.

Washegari da yamma, a Sabha, ya gayyaci 'yan uwa zuwa ɗakin da suke taruwa shan shayi, inda akwai babbar tele. Yana so su ga aikin sabuwar kyamara kafin a ba direba. Ya haɗa igiyar kyamarar da telen, ya danna, ya koma baya ya harɗe hannu.

Abin da ya fito a allo ba mutum ba ne. Wani farin abu ne a tsakiyar duhu, a samansa wani dunƙule kamar an murje laka a bango. Ba ido, ba hanci, ba baki. Duk allon ya cika da ɗigo-ɗigo kamar tururuwa. In dattijon ya motsa, sai dunƙulen ya yi tsalle ya bar inuwa a baya.

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a hannu. Wani ya ce a ƙara murya. Aka ƙara, ɗakin ya cika da rurin injin ban ruwa. A can ƙarƙashi ana jin wani abu kamar mutum yana magana daga cikin rijiya. Suka kasa kunne har ƙarshe, ba wanda ya tsinci kalma uku a jere.

Attahirou ya durƙusa gaban telen. Ya ce igiyar ce ba ta da kyau, aka canza. Ya ce telen ce, aka kai ɗakin maƙwabta. Duk inda aka sa, laka ce da ruri.

Falalou ya ja shi gefe ya ce gobe da sassafe su koma Samnu da waya, ai Baba yana nan. Attahirou ya ce da wane ido zai dubi dattijon da ya ce wa har furfurarsa ana gani. Ya ce a ba shi lokaci, akwai manhajojin gyara. Ya ƙule a ɗaki kwana da kwanaki yana ƙara haske yana rage ƙara. Duk hasken da ya ƙara, lakar ce take ƙara fitowa. Direban Agadas ya gaji da jira ya tafi.

Sai da dabara ta ƙare masa sannan ya sunkuyar da kai ya koma kantin Rachid. Rachid bai ce masa “ai na gaya maka” ba. Ya sa katin a telen bango, ya kalla kaɗan, ya tambayi wane ne wannan. Da ya ji labarin, fuskarsa ta canza.

Ya ce abin da kyamara ba ta kama ba, babu mai gyaran da zai dawo da shi. Ya buɗe durowa ya ciro tsohuwar nan, ya haɗa da ƙaramin makirfo mai maƙalawa a wuyan riga, ya tura masa.

“Aro na ba ka. Kada ka tsaya godiya, ka tafi yanzu. Ka fito da shi kusa da ƙofa, ka matsa kusa da shi, ka sa abin kunne ka ji muryarsa kafin ka fara.”

Attahirou ya kira Falalou suka kama hanya. Da suka sauka bakin gonar, injin ban ruwa a kashe yake. Suna tafiya tsakanin dabinai sai suka hango mutane suna shigowa ta ɗaya ɓangaren, wasu da shebur a kafaɗa, ƙafafunsu duk ƙura. Seyni ne a gaba.

Falalou ya tsaya cak yana salati. Attahirou ya ci gaba da tafiya kamar bai gane ba, har Seyni ya riƙe masa kafaɗa ya ce Baba ya cika bayan sallar asuba, yanzu suka dawo daga kai shi.

Jakar kyamarar ta zame daga hannunsa, Falalou ya tare. Seyni, wanda bai san abin da ya faru ba, ya ce Allah ya saka wa Attahirou da alheri. Ya ce tun ranar da aka ɗauke shi dattijon ya samu natsuwa, duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa cewa yanzu Zouhoura za ta san fuskar ubanta.

Attahirou ya zauna a bakin kwalbatin ruwa ya rufe fuska. Aka bincika wayoyin ma'aikatan gonar, aka tambayi mai gonar, aka zazzage jakar marigayin ko akwai wata takarda mai hoto. Ba a samu komai ba.

Bayan addu'ar uku, Seyni ya kira Zouhoura ya miƙa wa Attahirou wayar. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa da murya a dishe. Sannan ta ce an gaya mata Baba ya bar mata saƙo, yaushe zai iso.

Ya gaya mata gaskiya tun daga kanti har zuwa ɗakin shayi, bai ɓoye komai ba.

“Allah bai ƙaddara ba,” ta ce daga baya. “Ka aiko mini da shi haka nan. Amma Yaya, kai da ka tsaya a gabansa, faɗa mini. Yaya fuskarsa take?”

Attahirou ya buɗe baki. Ya tuna farar riga. Ya tuna taga. Ya tuna jan ɗigon da ke walƙiya a kusurwar ɗan allon, da alamar batir da yake ta dubawa. Ya nemi fuskar dattijon a cikin kansa, ya rasa. Tun shigarsa ɗakin har fitarsa, kyamararsa yake kallo.

“Yaya, kana ji na?” in ji Zouhoura.

Falalou ya zare wayar daga hannunsa a hankali, ya koma gindin wani dabino ya zauna. Ya ce mata Baba dogo ne, baƙi mai haske, yana da tsage biyu a kowane kunci, kuma in zai yi dariya idonsa na hagu yakan rufe kafin na dama.

Daga inda yake zaune, Attahirou ya ji kukanta yana fitowa ta wayar. Tana cewa haka ƙaramin ɗanta yake dariya.

Darasi: Rubutun kwali ba shaida ba ne. In za ku sayi kyamara, ko duk wani abin da za a ɗora muku amana a kansa, ku gwada shi a inda aikin yake da wuya, cikin duhu da hayaniya, ba a inda kowane kaya ke yin kyau ba. Kuma in wanda ya fi ku sani ya ce ku zo a gwada, ba raini ba ne. Girman kai ya hana Attahirou gwaji, kunya ta hana shi komawa da wuri, kuma wadda ba ta san komai ba ita ta yi asarar. In kun yi kuskure, ku gyara tun mai haƙƙin yana numfashi. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu sana'ar ɗaukar bukukuwan mutane.