Ƙafar Filibus a Kan Kuloci

A wani ƙauye da ke bayan tudu, akwai wani mutum mai tsohuwar mota a-kori-kura, sunansa Filibus. Motar ta girmi 'ya'yansa duka. Fentinta ya koɗe, ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta, amma Filibus mutum ne mai kula da abin hannunsa. Ba ya barin baƙin mai ya daɗe a inji, ba ya kama hanya da safe sai ya duba ruwa.

Ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Ran kasuwa mata sukan jera kwandunan tumatir da tattasai a bakin hanya, shi kuwa ya loda, ya haye tudu da su zuwa gari. In wani ya kwanta ciwo ita ake nema. In zumuntar mata za su taro a wata ikkilisiya, ita ce ke kai su, suna waƙa a baya. Filibus yana jin daɗin aikinsa, mutane kuma suna sa masa albarka.

Ana nan sai motar ta ɗauko wani hali. In ta zo hawan tudu da kaya, Filibus ya taka totur, sai inji ya yi ta ruri kamar zai tsage, amma tafiya ba ta ƙaruwa. Wani wari kuma yakan taso daga ƙarƙashi, kamar an jefa tsumma a wuta. Filibus ya ce a ransa, "Inji ne ya tsufa." Ya sake baƙin mai, ya sake fulogi, ya wanke duk abin da ya san ana wankewa. Ba abin da ya canza.

Wata ranar kasuwa, lokacin da tumatir ya nuna sosai, motar ta kai tsakiyar tudu ta ƙi gaba. Inji na ihu, taya ba ta juyawa. Dole aka sa duwatsu a bayan tayoyi, mata suka sauke kwanduna suka ɗauka a ka har kan tudu, motar ta lallaɓa ta hau ba kaya, aka sāke lodi. Kafin su isa kasuwa manyan masu saye sun cika motocinsu sun tafi, rana kuma ta bugi tumatir ya yi laushi. Ba wadda ta yi masa faɗa. Wata gwauruwa ma da ta koma gida da rabin kayanta cewa ta yi, "Ba komai, Filibus, ka yi ƙoƙarinka." Wannan magana ta fi masa zafi a kan a ce an zage shi.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Rifkatu. Ya ce, "Sauran tumatir na nuna a gona, wata kasuwar kuma ta kusa. Injin nan ya gama. Ko in sayar da motar, ko in nemi wani injin, ban san inda zan samo ba."

Rifkatu ta ce, "Baban Lami, ka yanke wa inji hukunci, ba ka kai shi wurin mai dubawa ba. Ka kai wa Baba Ishaya ya gani tukuna."

Baba Ishaya tsohon bakanike ne a gari, garejinsa a gindin wani mangwaro. Kashegari Filibus ya kai masa motar ba kaya. Bayan sun gaisa, ya kwashe duka ya faɗa masa, ya ƙare da cewa, "Baba, ina ganin inji ne."

Tsohon ya ce ya kunna. Ya tsaya ya kasa kunne, ya daɗe yana ji. Sannan ya ce, "Ba abin da ya sami injin nan. Zai daɗe yana yi maka aiki."

"To, me ya hana ta hawa?"

"Ja birkin hannu sosai. Taka kuloci, ka sa babbar giya, sannan ka saki kulocin a hankali."

Filibus ya yi haka. Motar tana tsaye cik, inji kuma ya ci gaba da juyawa abinsa.

Baba Ishaya ya ce, "Ka gani, ɗana? Da kulocinka na da lafiya, da injin nan ya mutu nan take, don ka haɗa shi da tayoyin da aka ɗaure. Akwai wani faranti a cikin kuloci, tsakanin inji da giya. Shi ne ke kama ƙarfin inji ya miƙa wa taya. Naka ba ya kamawa, sulɓewa yake yi. Ƙarfi yana nan, hanyar isa ga taya ce ta lalace."

Suka shiga ƙarƙashin motar tare, suka kwance akwatin giya suka sauke shi, tsohon ya zaro farantin. Ya yi baƙi, ya suɗe sumul, har kawunan ƙusoshinsa sun fito suna ƙyalli. Baba Ishaya ya juya shi a hannu, ya ce, "Wannan ai ba tsohon faranti ba ne. Yaushe aka sa shi?"

Filibus ya ce, "Bara, da aka sauke giya saboda tana tsiyayar mai, aka ce gara a sa sabo gaba ɗaya."

Tsohon ya ce, "Irin wannan yakan yi shekaru. Wani abu ne ya cinye shi."

Aka sa sabon faranti, aka mai da giya wurinta, aka daidaita kuloci. Filibus ya gwada, ya ji mota ta kama yadda ya kamata. Ya yi murna, ya yi godiya, ya ce zai kama hanya. Amma Baba Ishaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya shiga ya zauna. Ya ce, "Ba mu gama ba. Na ga ciwon, ban ga abin da ya kawo shi ba. Ɗauke ni mu ɗan zaga."

Suka hau miƙaƙƙiyar hanya, ba tudu ba kwana. Filibus yana kallon gaba, tsohon kuwa ƙasa yake kallo. Da suka yi ɗan nisa sai ya ce, "Ina ƙafarka ta hagu?"

"Tana ƙasa, Baba."

"Duba."

Filibus ya ɗan leƙa. Ga ƙafarsa zaune a kan kuloci. Ya ce, "Ai ban taka ba. Ɗorawa kawai na yi."

Baba Ishaya ya ce, "Ɗorawar ce ta cinye farantin. Ba ka taka ka raba inji da giya ba, ba ka kuma saki sun haɗu sosai ba. Farantin yana tsaka-tsaki, yana guga, yana zafi, yana ƙarewa kaɗan-kaɗan. A fili ba za ka ji ba. Sai ran da ka zo tudu da kaya."

Filibus ya sauka gefen hanya ya tsaya. Ya ce, "Yanzu na tuna. Bara, ba da daɗewa ba bayan an sa farantin, shanu suka faɗo mini hanya a kan kwana, ga mata cike a baya. Na danna birki ban kai ga kuloci ba, mota ta yi tsalle ta mutu a tsakiyarsu. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ban san ƙafata ta koma zama a can ba."

Tsohon ya ce, "Tsoro ne, ɗana, kuma ba wanda zai ga laifinka. Amma faranti bai san dalilinka ba, nauyi kawai yake ji. In ka koma da wannan ƙafar, sabon ma zai bi na farko. In za ka taka, ka taka duka. In ka saki, ka saki duka, ka ajiye ƙafarka a ƙasa."

Ranar kasuwa ta zo. Aka loda kwanduna, mata suka hau baya, Rifkatu ta zauna a gaba, don mijinta ya gaya mata duk abin da tsohon ya faɗa. Da suka iso gindin tudu, Filibus ya sa ƙaramar giya ya saki kuloci. Ba su yi nisa da hawa ba ƙafarsa ta ɗaga da kanta tana neman tsohon wurinta. Rifkatu ta ce a hankali, "Baban Lami, ƙafa." Ya yi dariya, ya mai da ita ƙasa. Motar ta ja kayanta ta hau, ba ruri, ba wari, har ta kai kan tudu. Suka isa kasuwa da sanyin safiya, masu saye suna nan suna jira, kowace mace ta sayar da kayanta ta koma da kwando wayam. Halin bai bar Filibus rana ɗaya ba. Ya yi ta kama ƙafarsa tana komawa, yana mai da ita ƙasa, har ta saba. Tsohuwar motar kuwa ta ci gaba da yi wa ƙauyen hidima shekaru da yawa.

To, ƙaunatattu, ga abin da misalin nan yake nufi.

Injin nan shi ne ikon Allah. Ba ya tsufa, ba ya gajiya. Kayan da ke bayan mota su ne abubuwan da aka danƙa a hannunmu: gida, 'ya'ya, sana'a, hidimar ikkilisiya, da mutanen da suka dogara gare mu. Farantin kuwa shi ne dogararmu ga Ubangiji, don ta nan ne ikonsa yake shiga cikin zamanmu na yau da kullum.

Da yawa a cikinmu ba mu rabu da Ubangiji ba. Muna zuwa sujada, muna waƙa, muna addu'a. In an tambaye mu, da gaskiyarmu za mu ce ba mu taka ba. Amma mun ɗora ƙafa. Mutum ya miƙa wa Allah ciwon ɗansa, sannan ya ajiye wani ƙullin boka a ƙarƙashin katifa, wai ko da Allah bai amsa ba. Mace ta ce ta gafarta wa 'yar'uwarta, amma ta adana maganar a ranta don ranar da za ta buƙace ta. Wani ya ce ya bar wa Ubangiji gobensa, ga shi abinci ba ya shiga saboda tunanin gobe. Muna riƙe da Ubangiji, muna kuma shirye mu sake shi in abu ya yi tsanani.

Lokacin da hanya take a miƙe ba a ganewa. Sai tudu ya zo, sai mu ji mun yi ƙara da yawa ba mu matsa ba, mun gaji ba mu isa ko'ina ba. A nan ne mukan ce inji ne. Mu ce addu'a ba ta aiki kamar dā, mu sake majami'a, mu nemi wani mai wa'azi. Wani lokaci mukan je babban taro mu dawo da sabuwar zuciya, kamar an sa mana sabon faranti, amma kafin shekara ta zagayo ya ƙone, domin ƙafar tana nan inda take.

Ku lura kuma, ba mugunta ce ta sa ƙafar Filibus a wurin ba. Wani abu ne ya taɓa firgita shi. Wataƙila kai ma haka ne. Ka taɓa yin addu'a, abin da kake tsoro ya faru duk da haka, tun daga ranar ba ka ƙara sakin jiki da Allah ba. Ubangiji ya san wannan, ba ya kuma tsawata maka. Yakan shigo ya zauna kusa da kai cikin haƙuri, ta wurin Ruhunsa, ya nuna maka abin da kai ba ka gani. Yakan kuma ba ka ɗan'uwa ko 'yar'uwa da za su tuna maka da kalma ɗaya in ka koma. Kada ka yi fushi da su. Ka yi dariya kamar Filibus, ka gyara.

Saboda haka a makon nan, kafin ka ce ikon Allah ya ragu a gidanka, ka roƙe shi ya nuna maka inda ka ɗora ƙafa. In ya nuna maka, ka sauke ta. Ba a rage wa Filibus tudu ba, ba a kuma rage masa kaya ba. Da kayan nan duka ya hau.