Buhun Gashin Wanzami Dun

Da tsohuwar daula ta dawo mulki a ƙasar Sin, gwamna ya sa aka kamo wanzami Dun.

Ya ce, "Kai ka yi wa mutanena askin 'yan mamaya. Ka mayar wa kowa gashinsa, ko a fille maka kai."

Dun ya jawo wani buhun gashi ya zazzage a fada.

"Ranka ya daɗe, ko sili ban zubar ba. Kowa ya tsinci nasa, kada in manna gashin maci amana a kan mai biyayya. Bismillah, naka ne na can ƙasan buhun, tunda kai na fara yi wa."

Gwamna ya gyara hularsa, ya ce, "Ku sake shi. Gashi ai da kansa yake tsirowa."