Mujitaba da Fitila Mai Damisa

A garin Yako akwai wani mai hoto, Mujitaba. Shagonsa na bakin tasha, jikin mai faci. Maganar gaskiya yaron nan ya iya aiki. In ya ɗauke ka hoto, ko fuskarka kamar an taka ƙosai ce, sai ka fito kamar ɗan takarar kansila. Ba ya sha, ba ya caca, ba ya cin amana. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, sunan ciwon kuwa Ja'afar.

Ja'afar ɗan kawunsa ne, taubashinsa, shi ma mai hoto ne amma a Kiru. Tare suka koyi sana'ar a Tudun Wada. Tun suna can, in oga ya ce Ja'afar ya yi ƙoƙari, ranar Mujitaba ba ya cin tuwo. In Ja'afar ya sa sabuwar hula, kan Mujitaba ke ciwo. Wallahi da za a ce masa Ja'afar ya yi atishawa mai ƙara, sai ya nemo barkono ya shaƙa don tasa ta fi.

To, masu hoton yankin nan, daga Bebeji har Doguwa, suna da wata ɗabi'a. Fitilar nan mai ƙyaftawa da ake kafawa a kan ƙafa da lema, duk iri ɗaya suke saya. Sunanta na Turanci ba mai wahalar da bakinsa, Mai Zakara ake ce mata, don zakara ne a jikin kwalin. Ba wai ta fi sauran ba ne. Dalili shi ne in batirinka ya mutu kana tsakiyar biki a Riruwai, waya kawai za ka yi, na Doguwa ya ba direba nasa ya kawo maka. Batir, caja, har ɗan rimot ɗin da ake maƙalawa a kan kyamara, na wannan yana shiga na wancan. Da aro sana'ar ke tafiya.

Mujitaba ba shi da tasa. Duk aikin da ya taso sai ya hau babur ya je Kiru aro, shi kuwa Ja'afar ba ya hanawa, amma sai ya ɗan tsokane shi, irin na taubasai.

"A'a, Ango na aro ya iso! Ga ta nan, riƙe ta da hannu biyu, ba ta saba da ƙauye ba."

Mujitaba ya yi dariyar yaƙe, ya ɗaure fitila a bayan babur, yana tafe yana ƙuna har Yako.

Da Allah ya sa ya sayar da masararsa ta bara da ya ɓoye, bai zarce ko'ina ba sai Kano, shagon Ɗanasabe mai kayan hoto a Sabon Gari. Ɗanasabe ya ajiye masa kwali biyu. Ɗaya Mai Zakara. Ɗayan baƙi ne wuluk, ga ƙatuwar damisa ta wangale baki.

Ɗanasabe ya ce, "Duka biyun lafiyayyu ne, ba zan cuce ka ba. A ina kake aiki?"

"Wacce ta fi haske?"

"Mai Damisa. Amma a ina kake aiki?"

"Ta fi ta Ja'afar?"

"Waye kuma Ja'afar?"

"Wani ne."

Ɗanasabe ya yi dariya ya ce, "Malam, ji nan. Mai Damisa 'yar birni ce. Batirinta daban, cajarta daban, rimot ɗinta daban. In mutanenku Mai Zakara suke riƙe, ɗauki irin tasu. Ranar da ka maƙale, ba mai abin da zai ara maka."

Ai kuwa sai idon Mujitaba ya kawo ruwa don daɗi. Ya ce, "Wato ko Ja'afar ya zo aron batir, ba zai shiga tasa ba?"

"Ba zai shiga ba."

"Ɗaure min ita."

Kwana kaɗan da dawowarsa ya ji ana shirin saukar Alƙur'ani ta 'yan mata a wata Islamiyya a Ɗansoshiya. Aikin nan na Ja'afar ne duk shekara, kowa ya sani. Mujitaba ya wanke babbar riga ya tafi wurin shugabar makarantar, Malama Saude. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya tambayi damina, sannan ya buɗe jaka.

"Malama, ba ɓata wani na zo yi ba. Ja'afar ɗan'uwana ne. Amma fitilarsa, ki yi haƙuri, ta akurkin kaji ce. 'Ya'yan nan sau ɗaya za su yi sauka. Wannan da kike gani, duk ƙasar Kiru ba mai irinta. Ko a cikin rijiya yarinya take sai ta fito fes."

Malama Saude mace ce mai son abin makarantarta ya yi kyau. Ta ce, "To Malam Mujitaba, bana kai za ka yi. Amma ka sani amana ce. Wasu iyayen ba su taɓa rataya hoto a ɗaki ba sai wannan."

Ya ce ta sa ranta a inuwa.

Da Ja'afar ya ji, cewa kawai ya yi, "Allah ya sa albarka. Ai ɗiyata Rumaisa na cikin masu saukar, bana zan zauna in ci shinkafa kamar kowa." Wannan magana ta fi komai ɓata wa Mujitaba rai. Shi so ya yi a ce Ja'afar ya kasa barci.

Saboda haka ana jibi... a'a, ana gobe sauka, da la'asar, sai ya ɗora Mai Damisa a babur ya nufi Kiru. Ya kafa ta tsallaken titi, daidai ƙofar shagon Ja'afar, ya ce yau hoto kyauta ne. Mai shayi, fau! Mai rake, fau! 'Yan acaɓa suka yi layi, fau, fau! Har wata akuya da ta zo wucewa sai da ta samu nata. Duk ƙyaftawa ɗaya sai ya saci kallon shagon Ja'afar.

Ja'afar ya leƙo da kofin shayi a hannu ya ce, "Taubashi, gobe fa kana da aiki. Ka rage wa damisar nan gudu."

"Damisa ba ta gajiya. Zakara ne ke shiga akurki tun magariba."

Ya koma Yako ya tarar ba wuta. Mai cajin waya na tasha kuwa janaretonsa na wurin gyara. Mujitaba ya dubi ɗan jan ɗigon da ke nuna batir ya kusa ƙarewa, ya ce wannan ado ne na kamfani.

Ranar sauka gari ya wayi da hadari. Kafin a gama addu'ar buɗe taro ruwa ya tsuge, aka kwashe tabarmi aka shige babban aji, aka rufe tagogi saboda feshi. Ajin ya yi duhu kamar cikin rumbu. Mujitaba ya ji daɗi, ya ce yau za a san waye waye. Ya kafa fitila, ya buɗe lema, mata na ta leƙe. Ya fara da teburin manyan baƙi. Fau! Liman ya runtse ido ya ce, "Subhanallah!" Fau! Mutane suka yi kabbara.

Aka kira yarinya ta farko, ta fito da farin hijabi, ta rungume allonta da aka yi wa zayyana, ta tsaya gefen malaminsu, Malam Buba. Mujitaba ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Damisa ko tari ba ta yi ba.

Ya cire batir ya hura, ya goga a riga, ya mayar. Shiru. 

Ja'afar ya taso daga cikin iyaye, ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ɗan'uwa, jakata na ɗaure a babur. Bari in kawo batir."

Ya kawo. Aka juya shi dama, aka juya shi hagu. Ina! Ko bakin ramin bai shiga ba.

Ja'afar ya ce, "To bar wannan. Ga fitilar gaba ɗaya da rimot ɗinta. Kafa ka yi aikinka, ba wanda zai san bambanci."

A nan ne fa Allah ya ba Mujitaba ƙofar fita, a buɗe. Ya dubi jakar. Ga zakaran nan a jikin kwalin da ke ciki, ja, ya ɗaga kai. Ya waiga, ga Malama Saude tana kallonsu, ita da ya gaya wa fitilar akurki ce. Ya hango gobe a Kiru, Ja'afar da kofin shayi yana ba 'yan acaɓa labari. 

"Mayar da kayanka. Kyamarata na gani a duhu."

"Mujitaba, don Allah. 'Ya'yan mutane ne. Har da Rumaisa."

"Na ce mayar. Aikina ne ko naka?"

Ja'afar ya zuge jakarsa ya koma ya zauna. Kyamararsa ma bai fito da ita ba, don mai hoto ba ya ɗauka a wurin aikin wani.

Haka Mujitaba ya ɗauki yaran nan ɗaya bayan ɗaya a cikin duhu. Yana duba bayan kyamara yana ganin baƙi, yana ce wa zuciyarsa kwamfuta za ta gyara. Da ya koma shago ya ƙara haske, sai hotunan suka yi burtsi-burtsi kamar an watsa gero a faranti. Farin abu a tsaye, wani farin abu a gefensa. Ba ido, ba hanci, ba allo.

Ya wanke su haka, ya kai makaranta ranar da iyaye za su karɓa, yana fatan ko ba za a lura ba. Ta farko a layi wata tsohuwa ce, Inna Asabe, wadda ta riƙe jikarta marainiya Ummulkhairi tun tana goye. Har ta sa an buga mata ƙusa a bango. Ta karɓi hoto, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta fita da shi rana.

"Ɗan nan, idona ne ya tafi, ko kuwa? Wacce ce tawa a nan?"

Mujitaba ya duba. Ya sake dubawa. Ya ɗora yatsa a kan farin abin da ke dama. "Ga ta nan, Inna."

Malama Saude ta leƙo ta kafaɗarsa. Ta ce, "Wannan Malam Buba ne."

Wasu suka tuntsire da dariya. Inna Asabe ba ta yi ba. Ta ajiye hoton a kan benci a hankali, ta gyara mayafinta, ta ce, "Uwarta ba ta ga ranar ba. Na ce ko ni in riƙa gani." Ta juya ta tafi.

Sauran iyayen ba wanda ya miƙa hannu. Malama Saude ta tattara hotunan ta zuba masa a jaka da kanta. Daga ranar, daga Ɗansoshiya har Yako, in ana shirin suna ko biki aka ambaci Mujitaba, sai wani ya ce a bari dai a nemo wanda zai fito da mutum da fuskarsa.

Jama'a, darasin a fili yake. In za ka sayi kayan sana'a, dubi aikinka da inda kake yinsa da mutanen da za su agaza maka, kada ka dubi abin da zai ƙona ran wani. Fitilar Mujitaba ba ta da laifi, lafiyayya ce. Hassada ce ta zaɓa masa ita, hassada ta cinye masa batir, kuma da taimako ya zo har gabansa, ita ce ta riƙe masa hannu. Mai hassada yana zaton ɗan'uwansa yake yi wa, alhali kansa yake kayarwa, ya haɗa da bayin Allah da ba su san hawa ba. In wanda kake jin haushi ya miƙo maka hannu ranar da ka maƙale, haɗiye girman kanka ka karɓa.