Jinin da Jatau Ya Ƙi Karɓa

An yi wani bawan Allah a wani gari, can shekarun baya, mai haƙar rijiya, ana ce masa Jatau. Ba shi da komai sai diga da igiya, sai kuma bakin da bai iya ƙarya ba. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san iyakar gonar Laraba, wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Gonar nan Alhaji Mati yake ci, bana kunya ɗaya, baɗi kunya biyu. Alƙali ya sa ranar da Jatau zai ba da shaida.

To ku saurara, jama'a. Kafin ranar ta zo, rijiya ta rufta da shi, dutse ya tsaga masa cinya. Aka kai shi asibiti jini na zuba. Likita ta ce sai an ƙara masa jini, kuma irin nasa babu a ajiye.

Sai ga Alhaji Mati da ɗansa, ƙato lafiyayye. Aka gwada jinin ɗan, ya dace. Dangi suka hau godiya. Alhaji ya sunkuya saitin kunnen Jatau ya ce, "Daga yau jininmu ɗaya. Ai mutum ba ya tsayawa gaban alƙali ya kunyata nasa."

Jatau ya ji sarai. Ya juya da ƙyar ya ce, "Likita, dole ne in karɓi na wanda aka kawo mini?"

Ta ce, "A'a, Baba. Jikinka ne, haƙƙinka ne ka zaɓi mai ba ka, in mun gwada ya dace. Amma jira na da haɗari."

Ya ce, "A kira mini Istifanus, maƙwabcina mai gyaran takalma. Na taɓa ba shi nawa, irinmu ɗaya."

Ƙanensa Sallau ya fashe da kuka. "Haba Yaya! Istifanus yana kasuwar ƙauye. Ga na Musulmi ɗan'uwanka a gabanka!"

Jatau ya ce, "Istifanus zai ba ni don in tashi. Wannan don in yi shiru zai ba ni."

Alhaji ya daka tsawa, "Mutuwa fa za ka yi!"

Ya ce, "Ba a hannunka take ba, Alhaji."

Kun ji? Ga jini a gabansa, idonsa ya fara ganin duhu, amma ya ƙi. Sallau ya hau babur ya tafi ɗauko Istifanus. Jatau na kwance, jiki ya yi sanyi, duk wanda ya matso da lallashi sai ya girgiza kai. Bayan la'asar Istifanus ya shigo a guje, yana nannaɗe hannun riga. Aka gwada, aka ɗiba, aka ƙara. Allah ya tashi kafaɗar Jatau. Ranar shari'a ya je yana dogara sanda, ya faɗi iyakar nan inda take, aka mayar wa Laraba gonarta.

'Yan'uwa, ba kowace kyauta ce alheri ba. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, za a zo maka da taimako mai sharaɗi, dangi na cewa karɓi. Ka tambayi haƙƙinka, ka buɗe baki ka zaɓa. Kwanciyar asibiti ba ta mayar da kai bawan kowa ba, sai na Allah. Kai kuma mai bayarwa, in ka ba da jini, ka bayar ka tafi, kada ka tsaya jiran a biya ka da shiru.