Sunan Ɗan Kyauta

Ku matso ku ji, amma kada wanda ya katse ni sai na dire.

A Tungar Bawale, can ƙetaren kogi, akwai wata mai daddawa ana ce mata Inna Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, ta raine su da hannunta, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa roƙo ba. Babban, Sadau, ya shiga soja. Mai bi masa, Mamuda, ya samu aiki a birni, wurin da ake tura jirage marasa matuƙi su kai jini da magani asibitocin ƙauye. Isuhu shi ya zauna gida yana sana'ar su a kogi. Autarsu mace ce, Kyauta.

A shekarar nan 'yan bindigar daji suka koyi tayar da ƙananan jirage suna leƙen garuruwa kafin su kawo hari. Sai hukuma ta kafa doka: duk jirgin da ya ƙetare kogin nan ba da izini ba, soja su harbo shi, ko na wane ne. Shi kuwa izinin sai ya bi ofis-ofis, kwana da kwanaki. Su ma maharban Tunga suka yi nasu alkawarin a ƙofar mai gari, cewa duk abin da ya yi zuga a sama in ba tsuntsu ba ne, a sakar masa bindigar adaka.

Ana tsakiyar damina, kogi ya kawo har ya cinye gada, Kyauta ta haifi ɗa namiji da hantsi. Jini ya ɓalle. Malamar asibiti ta tsayar da shi da ƙyar, ta fito ta ce wa Inna Tasalla in ba a ƙara wa yarinyar nan jini kafin la'asar ba, sai dai haƙuri. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dubi Isuhu ta ce, "Kai, tsayuwar me kake yi? Hau dutse ka kira min yayyenka." Don duk garin nan, kan dutse kaɗai waya ke samun sabis.

Mamuda ya ji, ya shiga wurin shugabansa. Shugaban ya ce babu izini, babu tashi. Mamuda ya fito ya ɗauki jinin da ya dace, ya sa a cikin jirgi, ya tayar da shi da hannunsa. Ya sani sarai dokar nan ita ta sa mutanen Tunga ke iya barci, ya kuma san inda take kai wanda ya taka ta.

Sadau kuwa ranar shi ke zaune gaban na'ura a sansaninsu, maɓallin harbi yana hannunsa. Ya ga ɗigo a allon na'urar ya taso daga gabas. A allon nan ba a rubuta na jini ko na ɓarayi, ɗigo ne kawai. Abin da yake da shi duka maganar ƙaninsa Isuhu ce ta waya mai yankewa, cewa Mamuda ya taso jirgi da jini. Ogansa ya daka masa tsawa, "Kofur, barci kake yi? Harba!" Sadau ya ɗauke hannunsa ya sa a cinya, ya ce, "Oga, jinin ƙanwata ne. In ba shi ba ne, ku harbe ni a madadinsa." Kafin a ture shi wani ya zauna, jirgi ya ƙetare.

Shi Isuhu yana can kan dutse, ya kira wannan ya kira wancan, bai tuna ya aika wa maharba ba. Jirgi na isowa bakin gari suka cika alkawarinsu. Adaka ta tashi, fiffike ya karye, jirgi ya karkata ya faɗa tsakiyar kogi, akwatin jini ya fita yana yawo a kan ruwa. Masunta suka tsaya a gaɓa, kowa ya ce wannan ruwa ba na shiga ba ne. Isuhu ya gangaro da gudu ya faɗa. Wani gungume ya make shi a ƙugu, bai saki akwatin ba. Sai can ƙasa da makabarta aka tsamo shi, ya rungume shi kamar jariri.

Aka ƙara wa Kyauta jini, ta tashi.

Mamuda aka kore shi daga aiki, yana jiran kotu. Sadau aka cire masa igiya aka kulle shi. Isuhu ya miƙe da sanda, an ce shi da kwalekwale har abada.

Da suna ya matso, mijin Kyauta ya zo ya durƙusa gaban surukarsa ya ce, "Inna, yaron nan sunan kawunsa zai ci, wanda ya ceci uwarsa. Ke kika haife su, ke za ki faɗa."

Inna Tasalla, wadda ba a taɓa yi mata wayo a ciniki ba, ta tafi wurin liman ta ce a haɗa uku a raɗa masa. Liman ya yi dariya ya ce, "Tasalla, nan ba kasuwa ba ce. In an jera uku, wa zai zo gaba? Da wanne za a kira shi cin tuwo?" Ta ce to biyu. Ya ce biyun ma ɗaya ne a gaba, kuma kin bar ɗaya a waje.

Ta dawo ta zauna tana juya abin. Ba don Mamuda ba, da jirgi bai tashi ba, amma ya taka dokar da ke tsare garinsu. Ba don Sadau ba, da jirgi bai ƙetare ba, amma caca ya yi da rayukan gari a kan maganar waya. Ba don Isuhu ba, da jini ya bi ruwa, amma mantuwarsa ce ta jefa shi ruwan.

Gari ya waye, an ɗaure rago, wanzami ya wasa aska, liman ya miƙo kunne yana jiran Inna.

To, ku da kuke zaune, in ku ne Inna Tasalla, sunan wa za ku raɗa wa yaron nan?